Ƙuri'a Ta Uku a Akwatin Bamgol

HYON-TAK: Baba, ni ne. Na san ba za ka ɗauka ba. Bar wayar ta yi ta kuka, ni dai in san akwai abin da ke motsi a ɗakin nan naka. Hutun abincin rana muke, na zagayo bayan shagon walda. Akwai wata bishiya a nan, ban san sunanta ba, ta zubar da furenta kaf a kan tarin ƙarafa. Sai na tuna ranar da muka kai ka makwancinka, gonar tuffa fari fat kamar an yi maka shimfiɗa. Yau kwana arba'in da bakwai. Jiya an yi zaɓe, Baba. Maganar nan da ka faɗa min a asibiti...

GWAGGO: Halo? Halo! In tuffa ce babu, sai kaka!

HYON-TAK: Wayyo! Wa... wa ke magana?

GWAGGO: Kai ka kira, kuma kai za ka tambaye ni? Mai wayar ya rasu, malam.

HYON-TAK: Gwaggo?

GWAGGO: Hyon-tak? Kai ɗan nan! Lambar babanka ka kira?

HYON-TAK: Kin kusa tsinka min zuciya. Me wayar Baba take yi a hannunki?

GWAGGO: Masu sarin tuffa ne ke ta kira. In bar su su yi ta damun ƙanena yana kwance?

HYON-TAK: Me kika ji na ce?

GWAGGO: Me kuwa zan ji? Ina neman tabarau, ina neman inda ake dannawa. Ka ci abinci?

HYON-TAK: Na ci. Ina wuni, Gwaggo.

GWAGGO: Me ka ci?

HYON-TAK: Shinkafa.

GWAGGO: Ƙarya kake, muryar mai cin taliyar leda ce wannan. Ya Incon? Ya aiki?

HYON-TAK: Lafiya lau. Ya gwiwa?

GWAGGO: Wace giwa?

HYON-TAK: Gwiwa! Gwiwar ƙafarki!

GWAGGO: Oho. Ta dama ta yi ritaya, ta hagu na jiran takarda. Kimcin da na aiko, jiƙaƙƙen kabejin nan mai yaji, ya iso?

HYON-TAK: Ya iso, na gode. Ya gona?

GWAGGO: Mun ɗaura wa rabin 'ya'yan tuffar takarda saboda ƙwari, rabin na jiran mai gwiwa. Yarinyar nan mai aikin asibiti fa?

HYON-TAK: Gwaggo, mun rabu tun bara.

GWAGGO: Na sani, na ce ko ta dawo ne. Ya zafi?

HYON-TAK: Da sauƙi. Wannan ƙarar fa da nake ji a bayanki?

GWAGGO: Mai unguwa ne a lasifika. Tun da gari ya waye yake karanta sakamako, in ya kai ƙarshe ya koma farko. An kafa tukunyar taliya a zauren tsofaffi, giyar shinkafa kuwa kamar ruwan famfo. Jam'iyyar ja ta cinye! An ce har can wajenku.

HYON-TAK: Har nan.

GWAGGO: To sannu. Kai ma in ka gaji da faɗuwa ka dawo gida.

HYON-TAK: Na gode da jaje.

GWAGGO: Ai ba wannan ne labarin ba. Akwatin Bamgol! Ka san dai ƙuri'u ukun nan?

HYON-TAK: Wa bai sani ba.

GWAGGO: Shekara kusan talatin, kowane zaɓe, a juye akwatinmu a samu uku na 'yan can ɓangaren, 'yan shuɗi. Malam Yun da matarsa biyu, su dai karatu ne ya yi musu yawa, an yafe musu. Na ukun ne ya hana Yaya barci. To jiya aka ƙirga, biyu!

HYON-TAK: Biyu.

GWAGGO: Biyu rak! Maci amanar ya tuba. Yaya ya ce Pyo mai awara ne, dama shi yake zargi. Shekara goma sha tara gidanmu bai ci awarar Pyo ba, sai mu hau mota mu je gari mu sayo mai tsami. Halo? Kana ji na?

HYON-TAK: Ina ji.

GWAGGO: Ka san da farko uwarka aka ɗora wa. 'Yar Mokpo ce, can yankin Jolla, mutanen can kuwa an san inda suke dangwalawa. Sai da ta rasu aka sake zaɓe, uku ɗin dai suka fito. Nan muka san mun ɗauki alhakinta. Kai, na ji kunya a shekarar nan. To, jibi da wace motar za ka zo? Ƙarfe goma za a fara addu'ar kwana arba'in da tara a haikali, kar ka sa malamin ya jira ka.

HYON-TAK: Da ta farko zan taho. An haɗa kayan da za a ƙona masa?

GWAGGO: Tsaf. Farar riga da wando, safa, farin takalmi, da jar... da sauransu.

HYON-TAK: Da jar me?

GWAGGO: Layin nan ba kyau.

HYON-TAK: Layi ƙalau yake, Gwaggo. Jar me?

GWAGGO: Af, bakina. Rigar kamfen ɗinsa, mai lamba biyu ta jam'iyya a baya. Yaya ya ce abin da aka ƙona wa mutum ranar shi zai sa ya tafi da shi, to ya tafi da shaidarsa. Ni ba ruwana, bari in kira maka shi. Ga ka nan na jingina ka da hoton babanka, ka gaishe shi kafin in dawo. Yaya! Yaya Cun-sam! Ga ɗanka na Incon!

HYON-TAK: Ka ji ko, Baba? Sun ƙirga, ba ka ciki. Duk ƙauyen nan ba wanda ya lura da rashinka kamar akwati. Ka ce min ranar da aka binne Umma, Baba Babba ya ce a bakin kabari, a hankali, to yanzu dai akwatinmu zai tsarkaka. Ka ji shi da kunnenka. Zaɓe na gaba ka shiga bayan labule ka dangwala inda take dangwalawa. Uku suka fito. Suka zo har gida suna sunkuyar da kai, wai ashe ba ita ba ce. Ka ce da farko don ka wanke ta ne, daga baya ka fara karanta takardun da 'yan takara ke aikowa, ka ga ashe rabin lokaci ita ce da gaskiya. Ka riƙe min yatsa ka ce kar in faɗa, in na faɗa za ta koma 'yar Mokpo mai ɓata akwati. To ga shi za su tura ka wajenta da lamba biyu a gadon baya. In yi shiru in ƙona, ko in buɗe baki in...

BABA BABBA: Ɗan shuɗi! Ashe kana raye? Har na ce a duba min asibitocin Incon.

HYON-TAK: Ina wuni, Baba Babba. Ya jiki?

BABA BABBA: Jiki? Yau ko maganin hawan jini ban sha ba, ba na bukata. Kashi casa'in da tara a Bamgol! Ka yi kuka?

HYON-TAK: Ban yi ba.

BABA BABBA: Yi mana kaɗan, in sa a lasifika.

HYON-TAK: Ina taya ku murna. Yanzu sai gadar rafi ke nan?

BABA BABBA: Ai don ita muka mayar da ɗan takararmu.

HYON-TAK: Karo na biyar ke nan da ya yi alkawarinta.

BABA BABBA: To wa ya fi shi sanin inda za a kafa ta? Mu kawo sabo ya fara alkawari daga farko? Kai ba ka ga yadda ya durƙusa mana a kasuwa ba, goshi a ƙasa, kusa da mai kifi. Naku ma ya durƙusa, amma gwiwarsa ta hagu ba ta taɓa ƙasa ba. Na sunkuya na duba.

HYON-TAK: Baba Babba, da nake yaro ai jam'iyyarku ce shuɗiya.

BABA BABBA: Wancan shuɗin daban ne.

HYON-TAK: Suna ma ta canja ya fi sau biyar.

BABA BABBA: Ta canja suna, mu muka canja? Ji min yaro! Ko sakandare ba ka gama ba, ka je birni 'yan ƙungiyar ma'aikata sun ɗaura maka tsumma a goshi, ka dawo kana koya wa manya launi. In ba ka son nan, ƙasar Arewa ta 'yan gurguzu ba nisa, ka tsallaka waya su ba ka masara.

HYON-TAK: Albashinmu kawai muka nema a ƙara.

BABA BABBA: Haka gurguzu ke farawa, na gani a waya. Wani mai tabarau ya yi bayani awa biyu. Ka ji labarin Pyo?

HYON-TAK: Me ya sa tun farko kuka ce shi ne?

BABA BABBA: Ba ya tafi da ƙarfi a taro. Sannan motarsa shuɗiya ce.

HYON-TAK: Taku ma shuɗiya ce. Duk motocin gona shuɗaye ne.

BABA BABBA: Tasa ta fi shuɗi. Ni da babanka mun sha zama a gindin bishiyar zaure muna lissafa gida-gida. Babanka bai cika magana ba, amma duk sunan da na kira sai ya ce, anya, Yaya? Mutum mai taka-tsantsan. Kaico, da ya ƙara kwana hamsin da ya ga ranar nan. Shi ya sa jibi za ka gaya masa.

HYON-TAK: In gaya masa me?

BABA BABBA: Kai ne ɗa, da hannunka za ka sa kaya a wuta. Fararen a ƙasa, jar riga a sama. Ka ɗaga murya ka ce, Baba, lamba biyu ta ci, akwatinmu ya ragu zuwa biyu. Shekara nawa yana tsayuwa a shataletale da rigar nan yana sunkuya wa motoci cikin sanyi?

HYON-TAK: Ku kuke zuwa ku ɗauke shi da asuba.

BABA BABBA: Ya taɓa cewa a'a? Alƙalin lahira na ganin lambar nan a bayansa zai ce wuce.

HYON-TAK: A can ma jam'iyyarku ce ke mulki?

BABA BABBA: Kakanninmu goma sha biyu na can. Wa kake tsammani suke zaɓa?

HYON-TAK: Baba Babba, ku yi haƙuri. Ba zan sa rigar ba.

BABA BABBA: Me? Layin ya yanke, maimaita.

HYON-TAK: Zan sa fararen kaya. Zan sa takalmi. Jar rigar, a'a.

BABA BABBA: Tirƙashi! Siyasarka za ka kai har kan gawar ubanka?

HYON-TAK: Ba tawa ba ce.

BABA BABBA: Ta wa ce?

HYON-TAK: Ba... ba siyasa ba ce nake nufi. Ya tafi da fari kamar kowa.

BABA BABBA: Babanka ba kowa ba ne, ɗan ja ne har ɓargo! Ji nan. In ba ka sa ba ni zan sa, kai kuma ka tsaya a waje wajen takalma. Ko kofi ɗaya ba za ka zuba masa ba, ko sunkuyo ɗaya. Ɗan ƙanwata zai tsaya a matsayin ɗa. Ok-bun! Karɓi wayar nan kafin in jefa ta a tukunya. Ina maganin hawan jinina?

GWAGGO: Me ka ce masa? Fuskarsa ta koma kalar rigar. Tsaya in zagaya baya wajen tuluna, nan kunnuwa sun yi yawa. Halo? Kana nan?

HYON-TAK: Ina nan.

GWAGGO: Haba Hyon-tak. Riga ce fa kawai. Mai ɗumi ce ma, tana da shafi a ciki, ka san babanka da jin sanyi. Ka sa, ka ce abin da aka ce ka ce, ka ci abinci, ka hau motarka. Kowa haka yake yi a gidan nan.

HYON-TAK: Umma na can, Gwaggo. Shekara goma sha tara tana zaune a bakin hanya. Ya sauko mata da lamba a baya kamar motar haya?

GWAGGO: To sai me? Ta auri ɗan yankinmu na Gyongsang, ta san abin da ta aura. Kuma ai ita ma an gano ba ruwanta.

HYON-TAK: Haka ne.

GWAGGO: Wannan "haka ne" ɗin irin na babanka ne, ba na son sa. Kar ka ga Yaya na ihu, ransa a ɓace yake tun safe. Ya ɗauki kwalba ya je ba Pyo haƙuri, ya ce a ɗaure masa awara faranti talatin. Pyo ya kore shi da ludayi. Ya rantse da kabarin uwarsa shi bai tuba ba don bai taɓa yin laifi ba, ja yake dangwalawa tun tana shuɗiya. Matarsa ma ta fito da kuka.

HYON-TAK: Kai, Pyo ya sha wahala a banza.

GWAGGO: Ni ma na fara tunanin haka. To in ba shi ba ne, wa ya tuba? Malam Yun da matarsa na gan su da idona, suna tafe suna riƙe da hannu kamar 'yan makaranta, biyu ke nan. Ko dai ba tuba aka yi ba, tashi aka yi? Wa ya bar ƙauye tun zaɓen da ya wuce? Ba wanda ya tashi, ina za mu je. Kaka Sun-nye ta rasu da sanyi, amma ita tana bayan labule tana kiran sunan ɗan takara da ƙarfi har sai an tsawatar mata. Bayan ita kuma sai...

HYON-TAK: Gwaggo, bar lissafin nan. Taliyarku za ta huce.

GWAGGO: Sai...

HYON-TAK: Halo? Gwaggo? Layin ne?

GWAGGO: Ba layi ba ne. Zama na yi.

HYON-TAK: A kan me?

GWAGGO: A kan tulun waken miya. Hyon-tak, duk ranar zaɓe in ya fito daga rumfa ba ya zuwa zaure cin taliya. Sai ya ɗauki lauje da kwalba ya hau tudu, wai zai rage ciyawar kabarin uwarka. Har a watan sanyi. Na ce masa, Cun-be, wace ciyawa ce a cikin ƙanƙara? Ya ce tana nan, ke ce ba kya gani.

HYON-TAK: Ni ban ce komai ba.

GWAGGO: Ashe ita ce. Tun farko ita ce. Ya bari muka je da kwandon lemo muka durƙusa gaban hotonta, ni da Yaya, yana tsaye yana zuba mana shayi! Ɗan banza. Kai, ɗan banzan ƙanena.

HYON-TAK: Gwaggo, kuka kike ko dariya?

GWAGGO: Ina ruwanka. Shekara goma ina ce mata kimcinta ya yi gishiri. Bai yi ba, ya fi nawa daɗi, shi ya sa. Anya, Yaya! Anya, Yaya! Yana zaune kusa da shi!

HYON-TAK: Rage murya.

GWAGGO: In Yaya ya ji, sai ya hau tudun nan da kansa ya zage ta a kwance.

HYON-TAK: Shi ya sa.

GWAGGO: Tsaya. Rigar nan, da me aka yi ta?

HYON-TAK: Ban sani ba. Irin mai santsin nan.

GWAGGO: Roba ce. Malamin haikali ya hana ƙona roba, hayaƙinta na ɓata masa zanen rufi.

HYON-TAK: Yaushe ya hana?

GWAGGO: Anjima da yamma. Shekara ashirin ni nake kai masa kimci, zai hana. Zai faɗa wa Yaya da bakinsa, a gaban mutane, Yaya kuwa ba ya musu da mai aski ƙwal.

HYON-TAK: Maganar da ya ce in faɗa fa?

GWAGGO: Faɗi mana. Ka ce, Baba, akwatinmu ya ragu zuwa biyu. Ƙarya ce? Yaya ya ji abin da yake so, babanka ya ji abin da ya sani. Kai dai kar muryarka ta karye a tsakiya.

HYON-TAK: Za ta karye.

GWAGGO: To ta karye, sai a ce daɗi ne ya yi maka yawa. Ka taho da farar safa, kar ka zo min da mai huji. Gobe da sassafe zan je wajen Pyo in sayi awara, in ya ga dama ya kore ni da ludayin. Wayar nan caji ya ƙare, ta fara ƙyafta ja, har ita.

HYON-TAK: Gwaggo, zaɓe mai zuwa...

GWAGGO: Kar ka sa min magana a baki. Ni 'yar ja ce. Amma dai labule labule ne, kuma idona ba ya gani sosai.

HYON-TAK: Gwaggo!

GWAGGO: Shiru! Ga Yaya can ya leƙo, yana nema na da faranti. Ina zuwa, Yaya! Tulu nake rufewa! Kai, yi sauri, bayan kai wa ya sani? Wa ka faɗa wa?

HYON-TAK: Ko ke ban faɗa miki ba, Gwaggo. Halo? Gwaggo? Ban faɗa wa kowa ba tukuna.